Wa ya rubuta wasannin nan? Gina gardamar mawallafi a ƙagaggen labarin kimiyya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa. A cikinsa akwai al'umma biyu, waɗanda suka zauna a wannan duniya tamu da waɗanda suka yi ƙaura zuwa wata duniya kusa da wata tauraruwa. Akwai wasannin kwaikwayo guda bakwai da kowa ya sani, kuma kowane ɓangare yana cewa nasu ne ya rubuta. Wata ƙawata ta karanta ta ce gardamar ba ta shige ta ba, wai tunda suna da kwamfuta ai sai a duba a gani. Yaya zan yi gardamar ta zauna daram? Daga wata marubuciya a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙawarki ta gano inda gizo ke saƙar. Gardama a kan mai rubutu tana tashi ne a inda salsalar rubutun ta yanke, wato inda aka rasa wanda zai ce "daga hannun wane na karɓa, shi kuma daga hannun wane." Idan ba ki nuna wa mai karatu inda ta yanke ba, da dalilin yankewar, zai ɗauka mutanen labarinki musu kawai suke so.

Kafin komai, ke ki san gaskiyar. Ki samu takarda dabam wadda ba za ta shiga littafin ba, ki rubuta wanda ya tsara kowane wasa cikin bakwai ɗin, a wace shekara, a ina, da wane harshe, wa ya fara kwafewa, wa ya ƙara, wa ya rage, wa ya fassara. Ko da ba ki da niyyar bayyana amsar har ƙarshe, sai kin yi wannan. Dalili shi ne duk wata hujja da kowane ɓangare zai riƙe dole ta zama ɓurɓushin abu ɗaya da ya faru. Marubucin da bai yanke hukunci a ransa ba yakan watsa hujjoji yadda babi ya buƙata, sai a wayi gari hujjar babi na uku da ta babi na goma ba za su taɓa fitowa daga tarihi ɗaya ba. Mai karatu mai lura yana gane haka, kuma daga nan ya daina yarda da ke.

Gardamar da aka fi sani a duniya ita ce ta wasannin Shekispiya, marubucin Ingila, kuma tsarinta zai amfane ki. An haife shi a Stratford a 1564, ya rasu a 1616. A 1623 abokan wasansa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanni 36 suka buga da sunansa. Tun yana raye ma, a 1598, Francis Meres ya lissafa wasanninsa goma sha biyu da sunansa. Shakku bai yi ƙarfi ba sai tsakiyar ƙarni na 19: Delia Bacon ta fitar da littafinta a 1857, sannan a 1920 J. Thomas Looney ya ce Edward de Vere, wani basarake na Oxford, shi ne mai wasannin. Ki lura da tazarar, sama da shekara ɗari biyu bayan mutuwar mutumin, lokacin da duk wanda ya san shi ya daɗe a ƙasa. Ki kuma lura da abin da ke ƙarƙashin shakkun: ɗan mai ɗinka safar hannu, wanda bai je jami'a ba, ina ya san fada da shari'a? Raini ne ya haifi tambayar, hujja daga baya aka shiga nemanta. De Vere ya rasu a 1604, alhali akwai wasannin da suka fito bayan nan, har da wanda ya ɗauko labarin jirgin ruwan da ya tarwatse a Bamuda a 1609. Masana fannin ba su ɗauki wannan gardama da muhimmanci ba. Abin da suke ja a kai dabam ne, wato wane ɓangare na wane wasa aka rubuta tare da wani. Akwai wasan da aka buga a 1634 da sunan John Fletcher da Shekispiya tare, kuma a 2016 bugun maɗaba'ar Jami'ar Oxford ya sa sunan wani marubucin zamaninsa, Christopher Marlowe, a matsayin abokin rubutu a wasanni uku.

Don haka ki yi gardama hawa biyu. Akwai ta bakin titi, mai zafi, wadda ta shafi asali da girman kai: "namu ne, ku kuka sace." Akwai ta malamai, mai sanyi, a kan fitowa ta uku a kashi na biyu na wasa na biyar. Idan kika haɗa su wuri ɗaya, ko dai malamanki su zama wawaye, ko 'yan titinki su riƙa magana kamar masu kare kundin digiri.

A fagen labarin kimiyya ma an taɓa wannan. A fim na shida na Star Trek, wanda ya fito a 1991, wani shugaban mutanen Klingon, wata ƙagaggiyar al'umma ta wata duniya, ya nuna cewa sai an karanta Shekispiya a harshensu na asali ake sanin daɗinsa. Masu koyon wannan ƙirƙirarren harshe, wanda Marc Okrand ya tsara, suka ɗauki zancen da gaske suka fassara Hamlet, ɗaya daga wasannin Shekispiya, aka buga a 1996, aka gabatar da shi kamar shi ne na asali, na Turancin kuma kwaikwayo. Wannan ya yi armashi ne saboda kowa ya san wasan kuma ya san gaskiyar, abin raha ne. Ke ba ki da wannan gata. Mai karatunki bai taɓa jin wasanninki ba, saboda haka sai kin rubuta musu gutsattsari na gaske. A ganina layi ashirin zuwa talatin daga wasa biyu sun isa, sauran biyar ɗin a ji sunayensu da karin maganar da suka bari a bakin mutane. Amma layukan nan su yi kyau har mai karatu ya ga dalilin da zai sa a yi faɗa a kansu.

Yanzu ga tambayar ƙawarki: me ya hana a duba kwamfuta?

Amsa ta farko nisa ce, kuma ita ce ta fi ƙarfi don kimiyya ce tsantsa. Saƙon rediyo ba ya wuce gudun haske. Tsakaninmu da duniyar Mas saƙo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda kowacce take. Tauraruwar da ta fi kusa da rana, Proxima Centauri, saƙo yana shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya isa. A ce duniyar 'yan ƙauranki tana nisan da haske ke yi a shekara 10, jirginsu kuma yana gudun kashi 80 cikin 100 na gudun haske. A lissafin mutanen gida tafiyar shekara 12 da rabi ce. A agogon cikin jirgi kuwa shekara 7 da rabi ce, saboda lokaci yana tafiya a hankali ga mai irin wannan gudu. Ga rikici nan ya faɗo da kansa. Marubuciya ta gama wasa ranar tashinta, wani ya aika da shi ta rediyo ba tare da suna ba, wasan ya riga ta isa da shekara biyu da rabi. Kafin ta sauka an sha nuna shi a dandali da sunan ma'aikacin tashar da ya karɓi saƙon ya gyaggyara shi. Kwamfutar can ta ce wasan ya girmi zuwanta, kuma gaskiya ta faɗa. Kwamfutar jirgi ta ba da wata shekara da ba ta dace da ta kowa ba, ita ma gaskiya ta faɗa. Ki zana wa kanki layi uku a takarda, na gida, na jirgi, na sabuwar duniya, ki sa kowane lamari a kan dukkan ukun. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a manta a bar wani ya ji labari kafin haske ya iya kawo shi.

Amsa ta biyu ita ce rubutun kwamfuta ba ya tsufa. Kwafi na dubu daidai yake da na farko, harafi da harafi, kuma kwanan watan da ke jikin fayil agogon na'urar ne ya sa shi, ana iya juya shi. Sa hannu na kwamfuta yana tabbatar da cewa mai riƙe da mabuɗin sirri ne ya sa hannu, ba ya tabbatar da cewa shi ya tsara maganar. Idan dokar jirgi ta ce duk abin da za a adana sai ya bi ta hannun magatakarda, to sunan magatakarda ne zai hau kan komai. Ƙara da cewa ƙwayoyin hasken sararin samaniya suna lalata ma'ajiyar na'ura, kuma manhajar da ke buɗe tsohon fayil takan mutu ta bar fayil ɗin. Ki zaɓi dalili ɗaya ko biyu kawai. Idan kika tara gobara da yaƙi da annoba da lalacewar na'ura duk a kan takardu bakwai, an ga hannunki.

Takarda ta fi kwamfuta riƙon amana a wannan fage. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami, irin waɗanda ke ajiye a Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa a Kaduna, sukan ɗaga takarda a haske su duba tambarin da ke cikin jikinta. Mai jinjirin wata uku, wadda aka riƙa kawowa daga Italiya, ta yawaita a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Tambarin yana nuna cewa ba a yi kwafin kafin a ƙera takardar ba, amma ba ya faɗin ranar da aka tsara maganar. Ki yi hattara da gwajin kabon-14, sinadarin da ake auna shekarun tsofaffin abubuwa da shi, wanda rabinsa ke narkewa a shekara 5,730. An daidaita ma'auninsa ne da iskar duniyarmu. Takardar da aka yi da tsiron da ya girma a cikin jirgi, yana shaƙar iskar da ake sake tacewa, za ta ba da shekarar banza. Wannan ma hujja ce mai kyau a bar wani ɓangare ya riƙe ta da ƙarfi, wani ya rusa ta.

Akwai wani makami da al'adarmu ta ba ki wanda marubucin Turanci ba shi da shi, wato ramzi. Mawaƙanmu na ajami sukan rufe waƙa da sunansu da kuma kalmar da jimillar haruffanta ke ba da shekarar Hijira. A lissafin Magariba, wanda shi ake bi a nan, harafin shinun 1000 ne, ra 200, fa 80. Kalmar da ta ƙunshi waɗannan uku ta ba da 1280, wadda ta kama a 1863 zuwa 1864. A lissafin Gabas kuwa shinun 300 ne, sai kalmar ta koma 580. Kalma ɗaya, tazarar shekara 700. Idan wasanninki suna rufewa da ramzi, kuma al'ummun biyu sun gaji lissafi dabam-dabam, to kowa zai karanta baiti ɗaya ya ga shekarar da ta ba shi gaskiya. Sannan a tambaya: shekarar wa? Ta Hijira kwana 354 ce, ta rana 365, ta Mas 687. Ki kuma tuna da tahamisi, inda wani ke ɗaukar waƙar wani mai ƙwar biyu ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ta koma ƙwar biyar. A nan kashi uku cikin biyar na kalmomin na mutum na biyu ne, amma ƙashin bayan na na farko ne, kuma babu wanda ya kira shi ɓarawo. Al'ummar da ta ɗauki ƙari a matsayin girmamawa, da wadda ta ɗauke shi sata, za su yi shekara ɗari suna magana ba su fahimci juna ba. Tarihin Kano ma, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, ba ya ɗauke da sunan mawallafi, kuma masana sun daɗe suna ja a kan wanda ya tattara shi.

Sai hujjar cikin rubutun kansa. Nan ne malaman labarinki za su yi aiki, kuma nan ne marubuta suka fi yin kuskure, don sukan sa malami ya ce "wannan hikima ba ta kowa ba ce sai wane." Masu wannan sana'a ba sa duba hikima ko manyan kalmomi, domin su ne mai kwaikwayo ke fara ɗauka. Ƙananan kalmomin da mutum ba ya jin fitarsu ake ƙirgawa. A 1964 wasu masana lissafi, Mosteller da Wallace, sun bi wannan hanya a kan maƙalu 12 na tarihin Amurka da ake ja tsakanin Hamilton da Madison, lissafin ya nuna Madison. A Hausa kalmomin su ne irin dai, fa, kam, ma, kuwa, kuma, ai, da zaɓi tsakanin don da domin, amma da amman, mini da mani. Aikin yana tafiya haka: a tara rubutun da babu shakka a kansa na kowane ɗan takara, a yanka shi gunduwa-gunduwa masu tsawo ɗaya, a fitar da kalmomi 100 ko fiye da suka fi yawa, a ƙirga sau nawa kowacce ke zuwa a cikin kalma dubu, sannan a ga wasan da ake ja a kai ya fi kusa da wa. Kafin a yarda da sakamakon sai an gwada hanyar a kan rubutun da aka san mai shi, a ga ko za ta gane shi.

Inda take lalacewa shi ne abincin labarinki. Gajeren rubutu ba ya ba da amsa, ana son dubban kalmomi, saboda haka fitowa guda ba ta isa ba. Ba a auna wasiƙa da wasa, don bakin mutum yana canzawa da irin rubutun. Hanyar tana zaɓar mafi kusa ne a cikin waɗanda aka ba ta, idan mai rubutun na gaskiya ba ya cikin jerin, za ta miƙa wasan ga wani ba tare da ta yi gargaɗi ba. Wasan kwaikwayo kuma ya fi kowane rubutu wuya, domin marubucin kirki da gangan yake ba kowane ɗan wasa bakinsa. Sannan ga mai kwafi. Bazazzagi yana iya rubuta "yarinya ne" inda Bakano zai sa "ce", Basakkwace ya sa "sunka taho" inda wani zai sa "suka taho". Idan kwafin da ya tsira ya bi ta hannun Bazazzagi, kwamfuta za ta rantse marubucin ɗan Tudun Wadan Zariya ne, alhali mai kwafin ta kama. Bayan ƙarni biyu a wata duniya, Hausar 'yan ƙaura ta zama wani karin harshe, kuma kowane ɓangare yana da wasannin a bakinsa.

To wanne ne asali, wanne aka juya? Hanya uku ake bi. Ta farko amsa-amo da karin waƙa: idan baiti ya zauna daidai a wannan kari amma ya yi ɗingishi a wancan, na farko ya fi kusa da tushe. Haka wasa da kalma, inda dariyar ke fitowa a harshe ɗaya kawai. Ta biyu kuskuren gado: idan kwafi biyar duk sun tsallake layi ɗaya a wuri ɗaya, to daga uwa ɗaya suka fito, kuma ba a ƙirga su shaida biyar, shaida ɗaya ce. Ta uku ambaton abin da bai wanzu ba tukuna. Da irin wannan Lorenzo Valla ya rusa wata takarda a 1440, wadda ake cewa sarki Constantine ne ya ba Fafaroma, ya nuna kalmomin cikinta na wani zamani ne na baya. A labarinki, wasan da ya ambaci wata biyu a sama ko faɗuwar rana mai shuɗi ya nuna inda aka rubuta shi, sai dai idan wani ya cusa layin daga baya, wanda shi ne abin da ɗaya ɓangaren zai ce.

Kada ki manta wasa ne, ba littafin karatu ba. Wasa na ƙungiya ne. Ki leƙa Drama Village, dandalin wasa na nan Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin da ɗalibai ke gwaji, ki ga yadda layi ke canzawa a bakin ɗan wasa, darakta ya yanke fitowa, wani ya jefa barkwanci ya zauna. Sashen wasan kwaikwayo na nan ya yi suna da tsara wasa tare da mutanen ƙauye ba tare da rubutaccen wasa ba, irin wanda idan aka ce wa ya rubuta, babu amsa guda. Saboda haka hujjojin da suka fi nauyi su ne na bayan dandali: littafin kuɗi da ke nuna an biya wane kaza don wasa kaza, kamar wanda Philip Henslowe, wani mai gidan wasa a zamanin Shekispiya, ya bari a Landan, takardun da aka raba wa kowane ɗan wasa da layukansa kaɗai, umarnin dandali. Idan wasa bai taɓa tara fiye da mutum tara a fitowa ɗaya ba, ƙungiya mai mutum tara aka rubuta wa. Idan umarni ya ce jarumi ya yi tsalle ya kama abin da ke can sama, a tambayi nauyin jiki a wurin. A Mas nauyin mutum kashi 38 cikin 100 ne na nauyinsa a nan.

Jabu guda ɗaya yana ƙara wa irin wannan labari gishiri. A 1795 wani saurayi, William Henry Ireland, ya fito da takardun da ya ce na Shekispiya ne, har da sabon wasa. Manyan mutane suka gaskata, wani masani, Edmond Malone, ya tona asirin, aka nuna wasan sau ɗaya tak a 1796 aka yi masa ihu. Ki sa jabun ya fito daga ɓangaren da yake da gaskiya. Wani mai kishi ya ƙirƙiro hujja don ya taimaka, aka kama ta, sai ta ɓata sauran hujjojinsu na ƙwarai.

'Yan takara kada su wuce uku, kuma kowanne ya zo da hujja ɗaya mai ƙarfi da rami ɗaya da magoya bayansa ba sa son a taɓa. Ki kuma fayyace abin da za a ci ko a rasa yau: kuɗin nuna wasa, manhajar makaranta, sunan da ke kan gidan wasa, ko da'awar cewa 'yan ƙaura al'umma ce mai cin gashin kanta da adabinta. Hujjojin kuma a raba su cikin labarin, kowacce ta zo ta hannun mutumin da zai yi asara idan ta tabbata, maimakon malami ɗaya ya zauna ya karanto su a babi guda.

Game da ƙarshe, shawarata ita ce ki warware wasa ɗaya ko biyu sarai, har mai karatu ya ga hannun da ya rubuta, ki bar sauran da rinjaye kawai. Idan takardarki ta sirri ta ce marubuciyar jirgi ce ta tsara huɗu, ma'aikacin tasha ya yi wa biyu tahamisi, na bakwai kuma ƙungiya ce ta haɗa shi bayan duk sun mutu, to ki bayyana na bakwai ɗin, don shi ne zai fi ɓata wa ɓangarorin biyu rai.